Wasiƙun Rijiyar Tungar Gawo

A farkon mulkin farar hula na biyu, in ka sauka tashar Bodinga ka tambayi gidan Alhaji Ɗantani, ba mai tambayarka wane Ɗantani. Fataucin albasa ne ya ɗaga shi. Ya fara da jakuna biyu yana saye daga fadamun Dandin Mahe, har ya kai ga manyan motoci shida masu kai kaya Legas da Anaca, su komo da gishiri da siminti da atamfa. Hannunsa a sake yake. Ran Juma'a akan girka tukwane a ƙofar gidansa, kowa ya zo ya ci. Ya gina masallaci a hanyar Sifawa, ya kai limamai uku Makka, kuma ba a taɓa jinkirta jana'iza a unguwarsu don rashin likkafani ba. Sai dai akwai halin da iyalinsa suka sani, mutanen waje ba su lura ba: Alhaji yana son a ce shi ya yi. In aka gode wa wani a gabansa a kan abin da shi ma zai iya, yinin nan ba a gane kansa.

Mahaifiyarsa mutuniyar Tungar Gawo ce, wani ƙauye da ke can bayan Kajiji, a ƙasar Shagari. Ta rasu yana ƙarami, yayarsa Kande ta goye shi har ya yi wayo. Kande ta yi aure a ƙauyen, ta tsufa a can, mijinta ya rasu, ta ƙi dawowa Bodinga duk roƙon da ya yi mata. Mutanen Tungar Gawo ba su da rijiya. Daga tafki guda suke sha, su da shanunsu, kuma kowace damina kurkunu kan kwantar da rabin magidanta daidai lokacin da gona ke neman su.

Da kakar shekarar 1981 wasiƙa ta zo masa daga Legas, daga Malam Arzika. Wannan dattijo shi ya koya wa Ɗantani karatun boko a ajin yaƙi da jahilci, lokacin yana malamin makaranta a Bodinga. Daga baya ya shiga siyasa, ya riƙe minista kafin juyin mulkin farko. Yanzu ba ya riƙe da kujera, amma masu kujerun ba sa yanke wata magana da ta shafi ƙasarsu sai sun ji ta bakinsa. Ga abin da ya rubuta:

"Takarda ta fito daga hannun Arzika zuwa ga ɗalibina kuma ƙanena Alhaji Ɗantani. Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, wata ƙungiya ta majami'un Kirista ta nemi izinin haƙa rijiyoyin burtsatse da gina ɗakin shan magani a Tungar Gawo, saboda kurkunu. Ma'aikata a Sakkwato sun ji tsoron sa hannu, sun turo mini in ba da shawara. Na daɗe rabona da gida, kai ke cikin mutane. Ni dai ra'ayina a bar su, da sharaɗin ba wa'azi, ba gina coci. Amma ba zan buɗe baki ba sai na ji naka."

Alhaji ya karanta sau biyu, ya ji daɗin a ce magana irin wannan a hannunsa ta tsaya. A ranar bai ƙi ba. Ya dai ce bari ya je ya gani da idonsa.

Ya iske maigari Mode a bakin tafki tare da wani baƙo gajere mai kakkaurar murya, yana ɗibar ruwa a kwalba yana ɗagawa sama yana dubawa. Baƙon ya ajiye kwalbar, ya russuna ya gaishe shi. Sunansa Malam Ishaya, mutumin Zuru, malamin asibiti ne, shi ƙungiyar ta aiko.

"Ranka ya daɗe, na ji labarinka tun daga Kajiji," in ji Ishaya. "An ce nan gidan kakanninka ne. In aka ba mu izini, injinmu zai iso kafin bazara. Ƙasar wurin nan akwai dutse a ƙarƙashi, hannu ba zai fasa shi ba, amma inji zai fasa."

"Kuma mi za ku nema ga mutane?"

"Su daina shan wannan," Ishaya ya ce, ya nuna kwalbar. "Ba zan ɓoye maka ba, mu Kirista ne, don addininmu muke yi. Amma an kafa mana sharaɗi, mun karɓa."

Da maganar ta tsaya nan, wataƙila da an rabu lafiya. Sai maigari Mode, tsoho ne marar munafunci, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhaji, ka ga ikon Allah. Shekara nawa muna kuka, ba wanda ya waiwaye mu, sai ga bayin Allah daga nesa sun zaka."

Alhaji ya ji maganar har tsakar kansa. Ba wanda ya waiwaye su? Shi da ke aiko musu da gero kowane azumi? Ya yi murmushin yaƙe, ya yi sallama da su, ya shiga wajen yayarsa. Ya same ta zaune tana tsinkar zogale.

"Yaya, kun yarda 'yan mishan su shigo muku gari?"

"Ruwa sunka ce za su ba mu," in ji Kande, ba ta ɗago ba. "Ni da tsufana wa za shi canza mini salla? Ka bar su, Ɗantani."

Ya yi mata sallama ya koma Bodinga. Washegari da hantsi ya zauna a zaurensa ya rubuta amsa da hannunsa. Ya ce ya je ya gani, kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce yau rijiya ce, gobe makaranta, jibi a wayi gari 'ya'yan Musulmi na amsa wasu sunaye. Ya ce abin kunya ne a ƙasar Shehu a ce sai baƙi sun shayar da mutane alhali masu hali suna raye. A ƙarshe ya rubuta: "Ni Ɗantani na ɗauki alkawari, rijiya uku da ɗakin shan magani, kafin damina mai zuwa ta kama. A sallame su."

Amsar Malam Arzika ta zo bayan mako uku, doguwa ce. Ya ce ya yi aiki da irin waɗannan ƙungiyoyi lokacin yana minista. Akwai waɗanda suka saɓa sharaɗi, ya kore su da hannunsa. Akwai waɗanda suka shekara ashirin suna wanke gyambon kutare a wuraren da 'yan'uwan kutaren suka guje su, ba su karɓi addinin kowa ba. Ya ce tsoron Alhaji ba na banza ba ne, amma ana iya sa ido. "Me zai hana su haƙa nasu, kai ma ka gina naka? Ban raina ƙarfinka ba. Na dai ga kasuwa tana hawa tana sauka, mutanen can kuwa kullum sai sun sha ruwa."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta ƙara tunzura shi. Ya ga kamar malaminsa na cewa ba zai iya ba. Ya tara limamai da 'yan kasuwa a ƙofar gidansa bayan an sauko Juma'a, ya karanta musu sabuwar takarda da ke cewa jama'ar yankin ba su yarda ba. Yawancinsu sun ci abincinsa, wasu shi ya kai su Makka. Suka dangwala yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ba mutumin Tungar Gawo ko ɗaya a cikinsu. Ya haɗa da tasa wasiƙar ya aika.

Ta uku daga Legas layi huɗu ce kawai. Malam Arzika ya ce ya isar da ra'ayin jama'a, an hana izinin. "Yanzu maganar tana wuyanka. Allah ya ba ka ikon cikawa."

Kuma Alhaji bai yi wasa ba da farko. Ya kai siminti mota guda, aka buga bulo, aka fitar da harsashin ɗakin shan magani a gabas da gari. Ya ɗauko masu haƙar rijiya daga Shagari, mutane shida ƙarfafa. Suka haƙa zurfin gaba takwas cikin jar ƙasa, sai diga ta fara tartsatsi. Suka koma wani wurin, suka sake cin karo da dutsen. A rami na uku diga biyu ta karye, babbansu ya fito yana haki ya ce, "Alhaji, wanga aiki ba na hannu ba na. Sai inji."

Ya ce to, za a kawo inji. Ya yi magana da wani kamfani a Kaduna, aka sa rana. Kafin ranar ta zo, ƙasa ta juya. Man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. Kamfanin ya aiko cewa haƙoran injinsu sun cinye, babu sababbi. Kayan gyaran mota suka ɓace daga kasuwa. Motarsa ta farko ta tsaya don rashin taya, ta biyu don wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Ta uku ta mutu a hanya kusa da Kwantagora da albasa cike, ta kwana tara a rana. Da aka buɗe tamfol sai ruwa baƙi ke zuba, wari ya hana mutane matsowa. Siminti ya zama sai mai hanya. Ginin ɗakin shan magani ya tsaya daidai taga.

Duk da haka tukwanen Juma'a ba su sauka ba. Uwargidansa Hajiya Balaraba ta taɓa ce masa, cikin ladabi, da an rage girkin nan an tura abin can ƙauye, ko tankin ruwa ne a riƙa kai musu. Ya ce mata in tukwanen suka ragu, Bodinga duka za ta san ya karye. Abin da ke Tungar Gawo kuwa ba mai gani sai 'yan Tungar Gawo. Bai faɗi wannan na biyun da baki ba, amma ita da shi duk sun san da shi.

Damina biyu ta wuce bai taka ƙauyen ba. A ta 1983 ruwa ya sauka sau kaɗan ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Da kaka aka aiko masa cewa Kande ba ta tafiya. Ya ɗauki a-kori-kurarsa, ita kaɗai ta rage mai motsi, ya tafi.

Ya wuce ramuka ukun, an rufe bakinsu da ƙaya don kada awaki su faɗa. Ya wuce ginin, tumfafiya ta tsiro a tsakiyarsa. Ya sami yayarsa a kan tabarma, ƙafarta ta dama ta kumbura ta yi suntum, ga farin zaren kurkunu ya leƙo daga idon sawu, an naɗe shi a jikin tsinke. Kowace safiya takan murɗa tsinken kaɗan, in ta yi gaggawa ya tsinke a ciki ƙafar ta ruɓe.

"Yaya, ki tashi mu tahi Bodinga."

"In tahi in bar wa?" Ta dube shi. "Gidan Mode mutum biyar na kwance. Hadiza da ke ɗebo mini ruwa, da rarrafe take zuwa tabki. Kai dai ka zauna in hwaɗa maka. An ce takarda ka rubuta anka kore mutanen nan."

Ya sunkuyar da kai.

"Ban goye ka don ka yi mini gardama ba. Hannun da ya rubuta waccan shi rubuta wata. Ka ce ka kasa."

"Yaya, in na ce haka..."

"To mi? Za a yi maka dariya a kasuwa? A yi. Mu nan ba mu da ƙarfin dariya."

Ya dawo gida ya kwana goma yana ɗaukar alƙalami yana ajiyewa. Takardar da ya aika a ƙarshe gajera ce, ba ado. Ya ce ya yi alkawari ya kasa. Ya ce ba tsoron addini kaɗai ya sa shi ba, akwai son a ce shi ne. Ya roƙi Malam Arzika, don Allah da darajar karatun da ya ba shi, ya sa baki a dawo da mutanen nan, da kowane sharaɗi.

Amsa ta iso a tsakiyar Disamba. Babu gori a cikinta ko kaɗan, abin da ya fi yi wa Alhaji ciwo ke nan. Malam Arzika ya ce ya nemi shugabannin ƙungiyar. Da aka sallame su sun kai injinsu wata jiha, aiki ya riƙe su can, amma sun ce in takardar izini ta fito za su duba bayan sabuwar shekara. "Zan zo Sakkwato da kaina cikin watan gobe in bi takardar ofis ofis. Ka jira ni."

Ranar ƙarshe ta watan, da safe, rediyo ya kama kiɗan soja. Kafin azahar kowa ya san gwamnati ta faɗi. Aka shiga kwashe 'yan siyasa, masu kujera da waɗanda ake jin maganarsu. Cikin mako na biyu aka tafi da Malam Arzika daga gidansa, da carbinsa da kwalbar maganin hawan jini. Alhaji ya aika wasiƙa biyu, duk suka dawo ba a buɗe ba. Ya je Sakkwato da kansa, ya yini a kan benci a wani ofis. Da yamma wani ma'aikaci ya buɗe masa fayil, ya juyo da shi gabansa. Takardarsa ce a sama, da yatsun limamai jere a ƙasa.

"Alhaji, ga shi jama'a sun ce ba su so. Wa zai sa hannu a kan akasin wannan yanzu, da soja a bakin ƙofa? Wanda zai tsaya muku kuma ka san inda yake."

Bazarar 1984 ta zo da zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Tafkin Tungar Gawo ya janye ya koma kwatami, kore shar, shanu na tsaye a ciki mata na ɗiba a gefe. Cikin watan Afrilu amai da gudawa ya shiga garin. Ya fara da wani makiyayi, ran nan da la'asar aka binne shi. Kwana uku bayan haka an binne mutum tara.

Da labari ya iso Bodinga, Alhaji ya bar rumfarsa a buɗe ya tafi. Ya iske an rufa zana a kan bangon ɗakin shan maganin da bai ƙarasa ba, an shimfiɗa marasa lafiya a ƙasa jere, idanu sun faɗa, fata ta yamushe. Kande na cikinsu da sandarta, tana ɗingishi daga wannan zuwa wancan da ƙwaryar ruwa, ruwan tafkin nan dai, don babu wani. Ita ke wanke gawar mata, tunda mai yin aikin ta riga ta tafi.

Ya ɗebi mutum bakwai a bayan mota ya nufi inda ake da asibiti. Biyu suka cika kafin Kajiji. Inda duk ya je amsa ɗaya ce: gado ya cika, ruwan ƙari ya ƙare, sai dai ya nemo a waje. Ya zagaya shagunan magani, babu. Ya yi sawu uku a kwana biyu, yana kai ganga biyu na ruwan famfo yana komowa da marasa lafiya, gangunan kuwa kafin ya juya sun ƙare.

A rana ta uku Kande ta tare shi a bakin ginin. Muryarta ta dushe.

"Bar wanga kai da kawowa. Mutumin nan na Zuru, ka san inda yake?"

"Da wane ido zan dube shi, Yaya?"

"Da wanda kake dubana da shi. Tahi."

Ya tashi da sassafe, ya isa Zuru rana ta karkata. Tambaya uku ta kai shi wani ɗan asibiti a bayan wata majami'a. Malam Ishaya na ɗaure wa wata mata hannu. Ya ɗago, ya gane shi nan take, ya gama ɗaurin tukuna sannan ya fito.

Alhaji ya tanadi magana a hanya, amma da ya buɗe baki sai ya ce kawai, "Suna mutuwa."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana takwas."

Ishaya ya rufe ido ɗan lokaci. "Ranka ya daɗe, inji ba ya hannuna, kuma ba ni da izinin aiki a can, ka fi kowa sani. Abin da ke cikin ɗakin nan na mutanen nan ne, su ma ciwon na iya zuwa musu gobe." Ya dubi ƙofa. "Zan raba biyu. Zan nemi hutun kwana biyar in bi ka a matsayin baƙonka. In aka tambaya, kai za ka amsa."

"Ni zan amsa."

Suka loda kwalayen ruwan ƙari da allurai da buhun gishiri. Sukari ya gagara a gari, sai matan majami'ar suka bi gida gida suka haɗo abin da ya cika kwano uku. Washegari suka kamo hanya. Taya ta fashe musu sau biyu, ba su shiga Tungar Gawo ba sai bayan la'asar.

Maigari Mode ne ya tarye su. Bai yi wa Ishaya maraba ba, bai dubi kayan ba. Ya kama hannun Alhaji ya ja shi gefe.

"Sai haƙuri. Jiya bayan tahiyarka ya kama ta. Da hantsin yau munka kai ta."

Alhaji ya tsaya. Ya tambaya ko ta bar magana. Mode ya ce ba ta bar ba, ciwon bai ba ta sarari ba. Ta dai tambaya sau ɗaya ko an ji ƙarar mota. Ya nuna masa kabarin, na huɗu a sabon layi, ƙasar ba ta bushe ba. Alhaji ya durƙusa ya yi mata addu'a. Bai daɗe ba, don Ishaya na kiran a zo a riƙe masa kwalba, kuma babu mai ƙafar tsayuwa sai shi.

Kwana biyar suka yi. Ishaya ya sa aka riƙa tafasa ruwa, ya koya wa mata haɗa gishiri da sukari, ya rataye ruwan ƙari a jikin ƙusoshin da ya kafa a bulo. Waɗanda aka tarar da sauran ƙarfi yawancinsu sun tashi. Ba wanda ya ji ya ambaci addininsa, sai dai kafin ya huda jijiya yakan motsa leɓe. Da zai tafi, Alhaji ya ciro agogon hannunsa ya miƙa masa. Ishaya ya mayar masa.

"Ka sayar ka sayo musu itacen tafasa ruwa. Ciwon zai dawo in ba a daina shan tafkin nan ba."

A Bodinga magana ta riga shi isa: Alhaji Ɗantani da ya tara mutane a kori 'yan mishan, shi ne ya je har gida ya ɗauko su. Wasu daga cikin waɗanda suka dangwala yatsa suka daina zama a zaurensa. Bai bi su ba. Ya sa aka sauke tukwanen Juma'a, abin da ya rage na hatsi ya riƙa kaiwa ƙauye da gangunan ruwa, har a-kori-kurar ta fara tsayawa a hanya.

Daminar shekarar ma ba ta yi ba. Da kaka wani ma'aikacin gidan yari, ɗan Shagari da ya zo ganin gida, ya biyo ta rumfarsa ya ajiye masa wata 'yar takarda a ninke, ya wuce bai zauna ba. Rubutun Malam Arzika ne, amma ya karkace.

"Ɗantani, labari ya iso ni. Allah ya jiƙan Kande. Kada ka ɗauka kai kaɗai. Na san abin da ya dace tun ranar farko, na bi ka don zaɓe na tafe kuma jam'iyya na bukatar mutanenka. Wannan nawa ne. Ina roƙonka abu guda. Ka rubuto mini sunayen waɗanda suka tafi, da na iyayensu. Na koyar da wasu daga cikin iyayen. Ina da lokaci a nan, ina so in riƙa ambatonsu ɗaya ɗaya."

Alhaji ya zauna zai rubuta, ya ga bai san ko rabinsu ba. Washegari ya tafi Tungar Gawo.

Tun daga nesa ya ga jakuna a tsaye a bakin gari. An cire ƙyauren ɗakuna, an ɗaure tukwane da tabarmi, mata na goye da yara. Maigari Mode na jan igiya a kan wani kaya.

"Ina zuwa haka, maigari?"

"Kudu. An ce bakin gulbi akwai wurin noma. Wasu sun yi gaba tun shekaranjiya."

"Ku dakata mini zuwa bazara. Ina nan ina bin takardar."

Mode ya ƙulle igiyar, ya gwada ta da hannu. "Alhaji, ba mu riƙe ka da komi ba. Amma ba mu jira."

Alhaji ya gaya masa abin da ya kawo shi. Tsohon ya ce wa masu jakunan su ɗan saurara. Alhaji ya shimfiɗa takarda a kan murfin mota, Mode ya tsaya gefensa yana faɗa yana rubutawa. Gida gida ya bi, daga gabas zuwa yamma. Inda ya manta sunan wani jariri, sai ya ɗaga murya ya tambayi mata, wata ta amsa daga cikin taro. Wata yarinya ba a kai ga raɗa mata suna ba, aka rubuta ɗiyar Hadiza. Da suka zo gidan Kande, Alhaji bai jira Mode ba, ya rubuta sunan da kansa. Takardar ta cika ciki da baya, mutum arba'in da ɗaya.

Suka yi musabaha. Jakuna suka kama hanya, Alhaji ya tsaya har suka shige bayan tudu, sannan ya tura motarsa ta tashi.

Ya kai takardar garin Shagari ya damƙa wa ma'aikacin ranar da zai koma bakin aiki. Wata biyu bayan haka aka sanar a rediyo cewa an sallami Malam Arzika saboda rashin lafiya, kuma ya rasu a asibiti kwana shida da fitowarsa. Alhaji ya je gaisuwa. Ya tambayi babban ɗan marigayin ko an ga wata takarda mai sunaye a cikin kayan da aka dawo da su. Ɗan ya ce kayan ba su da yawa, ya duba, bai gani ba.